Daga Tashar Hasahisa Zuwa Cikin Wayarka: Yadda Simafo Ke Tsara Wa Ayyukan Kwamfuta Layi

Duk wanda ya girma a yankin Rufa'a a zamanin da jirgin ƙasa ke tashensa, in dai ya taɓa ƙetare Shuɗin Nilu a bantun zuwa Hasahisa domin ya kama jirgin Hartum ko na Sinnar, to ya san dogon ƙarfen nan da ke tsaye a bakin tasha, mai hannu guda a samansa. Idan hannun ya miƙe sambal, direba ya san ba shi da izinin shiga, sai ya ja birki ya jira. Idan kuwa hannun ya karkata, hanya ta buɗe ke nan. Da dare fitila ce ke magana, ja ko kore. Ma'aikatan sikka hadid suna kiran wannan ƙarfe simafo.

Yaranmu da yawa a yau ba su taɓa ganin hannun simafo ya motsa ba. Amma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wayar da ke cikin aljihunsa tana ɗaga irin wannan hannu tana saukewa sau ba adadi tun daga safe har dare, kuma da wannan suna ɗin dai masana kwamfuta suke kiransa. Ba domin shi ba, kuɗin da ɗanka ya turo maka daga Bur Sudan zai iya ɓacewa tsakanin sama da ƙasa ba tare da ɓarawo ya taɓa shi ba.

Bari mu fara daga tasha, domin a can ne maganar ta fi saukin ganewa. Layin dogo ya taso daga Hartum ya iso Wad Madani a shekarar 1909, ya zarce Sinnar, ya ƙetare Farin Nilu a Kosti, zuwa 1912 yana Al-Ubayyid. Layi ɗaya ne tilo, na hawa da na gangara duk a kansa suke tafiya, sai a tasha kaɗai hanya take rabuwa biyu har jirage su iya wuce juna. Wato tsakanin kowace tasha da maƙwabciyarta akwai wani yanki da bai halatta jirgi biyu su kasance a ciki a lokaci guda ba. Ganin hannun simafo kaɗai bai isa ba, saboda haka aka haɗa masa da wani faifan ƙarfe da tsofaffin ma'aikata ke kira tabilet. Nazirin tasha yana da akwatin da ake zaro tabilet daga ciki, kuma akwatin a haɗe yake ta waya da ɗan uwansa na tasha ta gaba. Da zarar an zaro tabilet guda na wani yanki, akwatunan biyu duk sun kulle, babu mai iya zaro na biyu. Za a sa shi cikin wani babban zobe a miƙa wa direba, shi kuma ba ya motsawa sai yana riƙe da shi. In ya isa tasha ta gaba ya miƙa, a mayar cikin akwati, sannan ne wani jirgin zai samu nasa. Wani Bature mai suna Edward Tyer ne ya ƙirƙiro wannan tsari a Ingila a 1878, bayan wasu jirage biyu sun yi gaba da gaba a kan layi ɗaya a Thorpe a 1874, mutum 25 suka mutu.

To, ta yaya wannan suna ya faɗa cikin kwamfuta?

Kowace kwamfuta, da kowace wayar zamani, tana da wata babbar manhaja da ke zaune a ƙarƙashin sauran manhajoji, ita ce ke raba musu lokaci da wurin ajiya da allo da lasifika. Mu kira ta uwar manhaja. Windows uwar manhaja ce, haka Linux, haka nan Android da ke cikin galibin wayoyinmu, wanda shi ma a kan Linux aka gina shi. A lokacin da kake sauraren rediyo a waya, saƙon WhatsApp yana shigowa, agogo yana tafiya, hoto yana sauka, kowanne daga cikinsu aiki ne mai zaman kansa. Ƙwaƙwalwar na'ura guda ɗaya kuwa abu ɗaya take iya yi a lokaci guda. Dabarar uwar manhaja ita ce ta ba wannan aiki ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta fizge, ta ba wancan, ta sake fizgewa, har mutum ya ɗauka duka tare suke tafiya. Kuma ba ta yi wa aiki sallama kafin ta tsayar da shi. Tana iya katse shi a tsakiyar lissafi. Wayoyin yanzu ma da yawa ƙwaƙwalwa 8 gare su, saboda haka ayyuka suna gudu kafaɗa da kafaɗa da gaske.

Muddin kowane aiki yana harkar gabansa, babu rigima. Rigima tana tashi ne ranar da biyu suka nufi abu ɗaya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ya kuma iso Jazira a Disambar wannan shekara, rassan bankuna suka rufe, takardar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka koma kan manhajojin tura kuɗi irin su Bankak na Bankin Hartum. Mai shago da mai keke da mai sayar da gawayi duk suka koma karɓa ta waya. Da aka yanke sadarwa a Fabrairun 2024, kowa ya ga yadda mutum zai iya kwana da yunwa alhali da kuɗi a asusunsa. Saboda haka misalin da zan kawo ba na nesa ba ne, kodayake misali ne kawai, ba labarin wani banki ba.

Mu ƙaddara wani dattijo yana da jinai 100,000 a asusunsa. Ɗansa na Bur Sudan ya turo 50,000, 'yarsa ta Gadarif ita ma ta turo 50,000, a daƙiƙa ɗaya. A cikin kwamfutar banki ayyuka biyu ne suka tashi. Kowanne zai duba abin da ke cikin asusu, ya ƙara nasa a kai, ya rubuta sabon jimla. Na farko ya duba ya ga 100,000. Kafin ya rubuta, sai uwar manhaja ta tsayar da shi ta ba na biyu dama. Shi ma na biyun ya duba ya ga 100,000, ya ƙara, ya rubuta 150,000, ya tafi abinsa. Aka dawo kan na farko, wanda bai san abin da ya faru a bayan idonsa ba, ya ɗora 50,000 a kan 100,000 ɗin da ya gani tun farko, shi ma ya rubuta 150,000. Ɗa ya biya, 'ya ta biya, kowa yana riƙe da shaidar turawa, amma dattijo 150,000 ya gani maimakon 200,000. Babu aikin da ya yi kuskuren lissafi. Rige-rige ne kawai. Kuma mugun abin da ke cikinsa shi ne ba kullum yake faruwa ba. Za a iya gwada manhajar sau dubu ɗari ta tafi lami lafiya, sai ranar da sa'a ta ƙi. Ga shi ba ya barin sawu balle a bi.

Mutumin da ya zauna ya yi wa wannan cuta magani shi ne Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, wanda aka haifa a Rotterdam a 1930 ya rasu a 2002. A farkon shekarun 1960 yana koyarwa a jami'ar fasaha ta Eindhoven, inda shi da 'yan abokan aikinsa suke gina uwar manhaja mai suna THE a kan wata kwamfuta da ake kira Electrologica X8. A rubutunsa na 1965 ya shimfiɗa dabarar dalla-dalla, ya kuma aro mata suna daga layin dogo. An ba shi lambar yabo ta Turing a 1972, wadda ita ce mafi girma a wannan fage. Mutum ne mai ban mamaki: malamin kwamfuta ne, amma yawancin rubuce-rubucensa na baya da alƙalamin tawada ya yi su, ya jera musu lamba har sama da 1,300.

Simafon Dijkstra ba ƙarfe ba ne. Lamba ce guda da uwar manhaja take riƙe da ita, tare da layin masu jira a bayanta. Abu biyu kacal aka yarda a yi mata, waɗanda ya sa wa haruffan P da V daga kalmomin yarensu. Mu a nan sai mu ce kamawa da saki. Aikin da ke son shiga zai zo ya kama: idan lambar ta fi sifili, sai a rage ɗaya daga ciki ya wuce, idan sifili ce, sai a kwantar da shi barci a layi. In ya gama abin da ya kawo shi sai ya saki: a ƙara ɗaya a kan lambar, in kuma akwai mai barci a layi a tashe shi ya shiga. Shi ke nan. Wanda ya yi tsammanin wani babban sihiri zai ji, sai ya yi haƙuri.

Mai karatu mai lura zai ce, ai an gudu ba a tsira ba, domin ita kanta lambar ana iya yin rige-rige a kanta, ayyuka biyu su ga 1 a lokaci guda su kutsa tare. Wannan tambaya tana kan hanya, kuma a nan ne ƙashin bayan dabarar yake. Dubawa da ragewa dole su kasance a numfashi ɗaya, ba a katse su a tsakiya. Masu ƙera ƙwaƙwalwar na'ura sun tanadi umarni na musamman da ke duba wuri ya canza shi a bugu guda, babu wanda zai iya tsoma baki tsakani. Aikin da wayar nan mai haɗa akwatunan tabilet biyu take yi ke nan.

Idan muka koma wurin dattijonmu, sai a ɗora simafo mai lamba 1 a kan asusunsa. Aikin farko ya kama, lamba ta koma 0. Ko da an tsayar da shi a tsakiya, na biyu in ya zo zai tarar da sifili ya kwanta. Na farko ya rubuta 150,000 ya saki, aka tashi na biyu, ya duba ya ga 150,000, ya rubuta 200,000. Manyan ma'ajiyar bayanai ta bankuna suna da makullai iri-iri da suka fi wannan sarƙaƙiya, amma dukkansu jikokin wannan tunani ne.

Maganar barcin nan ma ba ƙaramar magana ba ce. Kafin Dijkstra, aikin da ya tarar da ƙofa a rufe yakan tsaya yana ta leƙe, an buɗe? an buɗe? yana cinye lokacin da wasu za su yi amfani da shi. A ƙauyen da sai an biya kuɗi a wurin mai sola kafin a yi cajin waya, kowa ya san darajar aikin da zai kwanta shiru har a tashe shi.

Ruwan Jazira da lambar da ta wuce ɗaya

Tabilet misali ne na simafo mai lamba 1, ko a shiga ko a jira. Amma Dijkstra ya bar ƙofa a buɗe lambar ta zama 3 ko 10 ko 100, domin akwai abubuwan da mutum fiye da ɗaya za su iya mora tare, sai dai suna da iyaka. Wannan kuwa babu wanda zai koya wa mutumin Jazira shi.

Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwan Shuɗin Nilu yake gangarowa ta babbar tur'a zuwa gonakin da ke tsakanin kogunan biyu, waɗanda bayan faɗaɗawar Managil suka haura fadan miliyan 2. Kakanninmu Hausawa suna cikin waɗanda suka yi wa wannan aiki bauta da guminsu, daga mutanen Mai Wurno da suka zauna kudu da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa mahajjatan da suka yada zango don neman guzuri suka zama 'yan ƙasa. Da yawansu ba su taɓa mallakar hawasha ba, a kambo suka zauna suna tsinkar auduga suna ban ruwa, amma sun fi mai hawashar sanin halin ruwa.

Tsarin a rubuce yake. Babbar tur'a tana ba matsakaita, matsakaita suna ba ƙanana, daga ƙaramar tur'a kuma bututu yake zuba ruwa cikin abu ishirin, wanda ke shayar da nimra guda mai fadan 90, daga nan abu sitta ya kai shi cikin kowace hawasha. An ƙiyasta nimra za ta sha ta ƙoshi cikin kimanin kwana 7, a dawo mata bayan kwana 14. Ƙaramar tur'a ba za ta iya ciyar da dukkan bututunta a lokaci guda ba. Saboda haka a da mufattish yakan aika buƙatar ruwan yankinsa ga injiniyoyin ban ruwa, a tattara har Sinnar, shi kuma gafir yana riƙe da mabuɗi, ya san adadin bututun da aka yarda su kasance a buɗe. Mu ƙaddara 4 ne. Ya buɗe na farko, saura 3. Ya buɗe na huɗu, saura sifili. Na biyar ko ɗan wane ne sai ya jira wata nimra ta ƙoshi a rufe bututunta. Lambar da ke cikin kan gafir ita ce simafo mai ƙidaya. Da irin wannan ne kwamfutar banki take iyakance yawan masu shiga ma'ajiyarta a lokaci guda, saboda kada cunkoso ya durƙusar da ita. Sau da yawa in ka ga da'irar nan tana ta juyawa a allon wayarka, a wani layi irin wannan kake tsaye.

Akwai kuma wata hikima da masu tsara Jazira suka yi, wadda ta dace da wani darasi da ake koya wa kowane ɗalibin kwamfuta. Ruwa daga Sinnar ba ya tsayawa dare da rana, amma a wancan lokaci manomi da rana yake ban ruwa. Sai aka gina ƙananan tur'o'i da faɗi da zurfi domin su tara ruwan dare, da safe a buɗe bututu a sha. Tur'a ta zama rumbu tsakanin mai kawowa da mai ɗiba. Haɗari biyu ne a nan: mai kawowa ya ci gaba da zubawa bayan rumbu ya cika, gaɓa ta ɓalle, ko mai ɗiba ya buɗe bututu a kan busasshiyar tur'a. Haka yake a waya idan kana kallon bidiyo: intanet yana zuba bayanai cikin wani ɗan rumbu, manhajar kallo tana ɗiba. Dijkstra ya warware wannan da simafo biyu, ɗaya yana ƙirga guraben da babu kowa, ɗaya yana ƙirga waɗanda suka cika. Mai kawowa sai ya kama gurbi maras komai kafin ya zuba, in babu ya yi barci. Mai ɗiba sai ya kama cikakken gurbi, in babu shi ma ya yi barci. Kowanne in ya gama yana tashin ɗan uwansa. A nan simafo ya tashi daga mai gadin ƙofa ya koma ɗan aike tsakanin ayyuka biyu.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai fa simafo ba ɗan sanda ba ne. Ba ya kama kowa. Idan mai rubuta manhaja ya manta bai sa wani aiki ya kama kafin ya shiga ba, aikin zai wuce ta gefen simafo kamar babu shi. Idan kuma ya manta da saki, duk na baya sun yi barcin da ba farkawa. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata duk matashin da ke koyon wannan sana'a a Jami'ar Jazira ko a wani wuri ya fi riƙewa, fiye da haddace P da V.

Layin dogo ya ɗanɗana wannan. A ranar 26 ga Janairun 1921, a tashar Abermule da ke Wales a Birtaniya, akwatunan tabilet lafiyarsu ƙalau. Amma cikin ruɗani ma'aikatan tasha suka mayar wa wani direba tabilet ɗin da ya miƙa yanzu-yanzu, wato na yankin da ya riga ya wuce. Bai duba rubutun da ke jiki ba ya ja jirgi, ya yi karo da wani da ke tahowa, mutum 17 suka mutu.

Mu ma a Jazira mun gani. Tun daga shekarun 1970, da aka ƙara yawan gyaɗa da alkama a kan auduga da dawa, tsarin ajiyar dare ya fara sakwarkwacewa, manoma suka koma barin bututu a buɗe dare da rana, ga laka da ciyawa suna cike tur'o'i. Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, ta kuma miƙa kula da ƙananan tur'o'i ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. 'Yanci abu ne mai daɗi, amma da kowa ya shuka nasa a lokacin da ya so, lissafin kwana 14 ya watse, mabuɗi ya bar hannu ɗaya. Wanda gonarsa ke bakin tur'a ya sha har ya yi ambaliya, na wutsiya kuwa yana kallon dawarsa tana ƙonewa. Masana kwamfuta suna da suna ga wannan hali, suna ce masa yunwa: aiki yana layi, ba a hana shi a hukumance ba, amma kullum wani ne ke riga shi. Maganinsa a wurinsu shi ne a tashi masu barci bi da bi, wanda ya fara zuwa shi ne zai fara shiga.

Wata cutar kuma ita ce cirko-cirko. Manoma biyu suna son kai buhuna kasuwa, a unguwar kuwa jaki ɗaya ne, karo ɗaya. Wannan ya riga ya kama jaki yana jiran karo, wancan ya kama karo yana jiran jaki. Babu mai saki, babu mai tafiya, har kasuwa ta tashi. Kowannensu ya bi doka, amma aiki ya tsaya cak. Dijkstra ya taɓa ba ɗalibansa wannan a jarrabawa a 1965, daga baya Tony Hoare na Ingila ya mayar da shi labarin masana biyar a teburi guda da cokula biyar, kowa sai ya haɗa biyu kafin ya ci; in kowa ya ɗauki na hagunsa a lokaci guda, sai su zauna suna kallon abinci. Magani mafi sauƙi shi ne a sa doka: kowa jaki zai fara nema, sannan karo. Wanda bai samu jaki ba, kada ya taɓa karo. Wani lokaci idan waya ta daskare har sai an kashe ta an kunna, irin wannan ne ya faru a ciki, kashewar kuwa tamkar a ƙwace jaki da karo ne a ce kowa ya koma gida a sake sabon lale.

Saboda irin waɗannan matsaloli, masu gina Linux sun yi ta gyara. Simafo yana nan a cikinsa har yau, amma a 2006 sun shigo da wani ƙaninsa da ake kira mutex, wanda ya san mai shi: wanda ya kama shi kaɗai ne zai iya saki. Sun kuma yi shekaru suna fama da wani ƙaton makulli guda da ya rufe kusan dukkan cikin uwar manhajar, kamar a ce tabilet ɗaya ne daga Hartum har Sinnar. Lafiya kam akwai, amma tafiya babu. Sai a 2011 suka gama cire shi suka maye gurbinsa da ƙananan makullai masu yawa.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tsaya ga kuɗi da daskarewar waya. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfani na Kanada, ta zuba wa marasa lafiya 6 haske mai ƙarfin da ya ninka abin da likita ya rubuta sau da yawan gaske, aƙalla 3 suka mutu. Guda 11 ne kawai aka girka, duk a Amurka da Kanada. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa ayyukan da ke cikin na'urar suna rubutu da karatu a wuri ɗaya babu makulli na kirki. Idan mai sarrafa ta ya gyara abin da ya rubuta cikin daƙiƙa 8, lokacin da wani aikin yake saita ƙarafan ciki, gyaran yakan wuce ba a lura da shi ba. Sabon ma'aikaci mai lalube ba ya faɗawa wannan rami. Sai wanda hannunsa ya faɗa, ya iya sauri.

Labarin da ya fi shahara a wannan fage kuwa a wata duniya ya faru. A ranar 4 ga Yulin 1997 kumbon Amurka mai suna Pathfinder ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana kunnawa, aikin yini yana tafiya a banza. Uwar manhajarsa VxWorks ce, wadda ke jera ayyuka bisa girma, babba ya riga ƙarami. Akwai ƙaramin aiki mai auna yanayi, da babban aiki mai rarraba bayanai, kuma simafo ɗaya suke amfani da shi. Ƙaramin ya kama, kafin ya saki sai babban ya zo ya tarar a rufe ya kwanta. Daidai nan sai matsakaitan ayyuka, waɗanda ba ruwansu da simafon, suka taso, da yake sun girmi ƙaramin suka yi ta ture shi, bai samu sararin gamawa ya saki ba. Reshe ya juye da mujiya, matsakaici ya tsare babba. Kamar a ce mai gari yana jiran mabuɗin rumbu a hannun yaro, amma duk wanda ya haɗu da yaron a hanya sai ya aike shi wani wuri. Shi kuma mai gadin da aka sa a cikin kwamfutar, da ya ga babban aiki ya wuce lokacinsa, sai ya ɗauka komai ya lalace ya kashe ya kunna.

Injiniyoyin hukumar NASA a Kalifoniya suna da tagwayen kumbon a ɗakin gwaji. Suka yi ta gudanar da shi har matsalar ta bayyana a gabansu, suka gano cewa akwai wani zaɓi a jikin simafon da aka bari a kashe. In an kunna shi, duk ƙaramin aikin da ke riƙe da abin da babba ke jira ana ara masa girman babban har ya saki, wato yaro ya zama manzon mai gari, ba mai tare shi a hanya. Suka aika gyaran ta iska, ya ratsa miliyoyin kilomita, kashe-kashen ya tsaya. An tsara kumbon ya yi wata ɗaya, amma ya ci gaba da aiko hotuna da bayanan yanayi har ranar 27 ga Satumban 1997.